Yatsu Biyu da Suka Tsai da Aure

A tashar Sabon Birni Sadiƙa ta fara ganinsa, kuma in za a faɗi gaskiya ba fuskarsa ta fara gani ba, hannunsa ne.

Tana zaune a kan benci tana jiran motar Isa ta cika, littafi buɗe a cinyarta. Shekararta ta biyar ke nan tana karatun likita a Sakkwato, kuma a zangon nan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ake koya musu. Wanda ya san ɗaliban likita ya san halinsu, da zarar sun shiga babin wata cuta, kowa suka gani ita ke damunsa. Kafin motar ta samu mutum biyar, Sadiƙa ta riga ta yanke wa mai goro ciwon karkarwa, ta yanke wa direba ciwon kai na ɓari ɗaya, duk a cikin zuciyarta.

Sai ga wani dogon saurayi yana ɗaure kwalayen dabino a bayan mashin. Hannunsa na hagu cike yake da tsoka. Na dama kuwa akwai ɗan rami tsakanin babban yatsa da manuni, kamar an ɗebe naman wurin da cokali. Ta ƙura wa ramin ido har ta manta akwai mutum a jikinsa.

"Malama," in ji saurayin, "in dabino kika so ki yi magana. Kallon ga ya yi yawa, har na hwara jin kunya."

"Ba dabino nika kallo ba. Hannunka nika kallo."

"To shi kam ba na saidawa ba na."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da gefen hijabi. A lokacin ne ta dubi fuskarsa, ta ga ashe ita ma ba ta da laifi.

Ya ce sunansa Kamaluddeen, ana ce masa Kamalu, mutumin Tsamaye. Ya yi karatun koyarwa, aiki bai samu ba, sai ya kama ɗaukar kaya a mashin tsakanin kasuwannin nan da na tsallaken iyaka, ya kai albasa ya dawo da dabino. Ta tambaye shi ko hannun yana masa wani abu. Ya ce in ya yi doguwar tafiya ƙaramin yatsansa yakan mutu, kamar ya kwana a kansa, amma yana farfaɗowa.

"Ya kamata ka tahi asibiti," in ji ta.

"Ke likita ta?"

"Saura shekara guda da rabi."

"To za ni jira ki ƙare. Amma ki ba ni lamba, kada ciwon shi tashi ban san inda za ni kai ƙara ba."

Ta ba shi. Har motar ta wuce gonakin bakin gari tana gaya wa kanta saboda hannun ne kawai ta bayar.

Bayan la'asar saƙo ya shigo.

"Likita, majinyacinki na. Hannu lahiya lau. Amma tun da motarku tat tashi wani abu ka bugawa nan cikin ƙirji. Akwai shi cikin littahinku?"

Ta rubuta masa: "Akwai. Sai dai ba sashena ba na, ni jijiya nika karantawa."

"To ki canza sashe."

Haka abin ya fara. Kafin hutunta ya ƙare ya zo Turba, garinsu, sau uku, kowane zuwa da ƙullin dabino na Inna Saude, mahaifiyarta. Inna ta yaba da shi tun ranar farko, don ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, kuma bai yi zaman da zai sa a yi masa gyaran murya ba. Shi yana kiran Sadiƙa Likitata. Ita tana kiransa Majinyaci, in ta so tsokana kuma ta ce Majinyaci mai taurin kai.

Taurin kan gaskiya ne. Duk hirar da za su yi sai ta ce ya huta da mashin ya je a duba shi. Sai ya ce bayan Salla. Salla ta wuce ya ce bayan shuka. Damina ta sauka, hanyoyi suka lalace, ya riƙa damƙe kan mashin da ƙarfi daga safe har yamma cikin taɓo da ramuka. Ita tana Sakkwato ba ta gani, shi kuma bai faɗa mata ba cewa ƙaramin yatsan da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa, sun ƙi miƙewa.

Mahaifinta, Malam Halliru, manomin gero ne, yana kuma sayen hatsi a ƙauyuka. An san shi da abu biyu: ba ya sayen buhu sai ya zura hannunsa ciki har gwiwar hannu, kuma in ya faɗi magana ba ya komawa baya. Ya ji labarin yaron, ya ga natsuwarsa, ya ce magabatansa su zo.

Akwai kuma Abbas, ɗan ƙanwar Malam Halliru, mai shagon kayan sola a Isa. Abokin wasan Sadiƙa ne, tun tana yarinya yake ce mata matata ana dariya. Ita har yau wasa take ɗauka, shi kuwa ya daɗe da daina wasa bai gaya wa kowa ba. Ranar da Kamalu ya kawo saƙon ranar zuwan manyansa, aka fito da tuwo, suka sa hannu a kwano ɗaya da Abbas. Kamalu ya yanko loma, yatsun nan biyu suka ƙi haɗuwa da 'yan'uwansu, tuwon ya zube. Abbas ya duba, ya sake dubawa, ya janye hannunsa ya ce ya ƙoshi.

Kada a ɗora wa Abbas abin da bai yi ba. Bai ƙirƙiri ƙarya ba, ya yarda da abin da ya gani. Sai dai abin ya zo masa daidai da son ransa, shi ya sa bai tsaya tambaya ba. Kafin magariba ya faɗa wa kawunsa a kunne: yaron nan kuturta ce ke cinsa.

A ƙasar nan in za a ba da 'ya, ana binciken asali, kuma cikin abin da ake tambaya a hankali har da wannan ciwo. Malam Halliru ya tura ƙanensa Tsamaye. Ƙanen ya dawo da labarin cewa kakan yaron ya rasu ba shi da yatsu uku a hannun dama. Bai tambayi yadda aka yi ya rasa su ba, don ya ji kunyar tambaya.

Malam Halliru ya aika Tsamaye da kalma biyu: a dakata.

Sadiƙa tana fitowa daga zagayen marasa lafiya Inna ta kira ta ta gaya mata duk abin da ya faru. Ta zauna a kan matakala. Tsoro ya kama ta, don ta san kuturta ciwon jijiya ce, kuma ta san tana iya farawa da waɗannan yatsu biyun. Sai ɗalibar da ke cikinta ta riga masoyiyar magana. Ko sallama ba ta yi ba ta rubuta masa:

"Akwai wani hwarin tabo ga jikinka wanda ba ka jin taɓi gare shi? Ka taɓa ƙonewa ba ka ji ba? Akwai wanda yat taɓa yin ciwon ga cikin gidanku?"

Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Har ke, Sadiƙa?"

Daga nan wayarsa ta rufe. Kwana tara ba kira ba saƙo. Ta yi kuka, ta ji haushinsa, ta dawo ta ji haushin kanta. Ta tuna malamarsu, Dakta Maijidda, tana yawan cewa kafin ka tambayi mara lafiya abin da kake tsoro, ka fara zama kusa da shi. Ita ga shi ta yi wa wanda ta fi so tambayar ƙofar asibiti.

A rana ta goma ta rubuta masa dogon saƙo.

"Kamaluna, na yi kuskure, ka yahe mini. Haka anka koya muna: in hannu ya kawo ƙara, mu jera duk abin da ka iya jawo shi, mu hwara da wanda munka hi tsoro, mu kore shi. Na yi maka tambayar likita, na mance ban hwaɗa maka maganar zuciya ba. Ga ta nan. Ko da ciwon ga na, yana da magani, ana sha wata shida ko shekara a warke sarai, kuma ba gado aka yi nai ba. Ko shi na, ko ba shi ba, kai za ni aura. Amma ina zaton ba shi ba na. Ka zo Turba ran Asabar."

Da yamma wayarta ta yi ƙara.

"Likitata. Kwana tara ina ɓoye hannu cikin aljihu, mai shayi ma ya ware mini kohi. Ba mutanen gari sunka kashe mini jiki ba, ke ta. Yanzu na tashi. Za ni zo."

Ran Juma'a ta iso gida. Bayan sun gaisa ta durƙusa gaban mahaifinta a ƙofar ɗakinsa.

"Baba, ina da roƙo."

"In maganar yaron ga ta, na gama."

"Ba cewa za ni yi ka ba shi ba. Baba, shekara nawa kana sayen hatsi, ka taɓa ƙin buhu don wani ya ce maka ruɓaɓɓe na?"

"Sai na sa hannu na gani."

"To wanga buhun ba ka sa hannu ba."

Malam Halliru ya ci gaba da jan carbi. Inna Saude da ke tankaɗe a gefe ta rage motsi don kada magana ta wuce ta.

"Shi ba muharramina ba na, ba ni taɓa shi," in ji Sadiƙa. "Amma na san inda aka dubawa. Ka ara mini hannunka, Baba. Ni in hwaɗa, kai ka taɓa. Abin da kaj ji da yatsunka, shi za ni yarda da shi."

"Ni in taɓa shi?"

"Ba a ɗauka da taɓi guda, wallahi. Mu kullum muna taɓa su asibiti."

Tsohon ya dube ta. Shi ya sayar da shanu ya kai ta wannan karatu, mutane suna cewa ɓarna ce. In yau ya ce bai yarda da karatun ba, to da su ya yarda.

"Shi zo bayan la'asar," in ji shi.

Washegari aka shimfiɗa tabarma a zaure. Kamalu ya zauna ya sunkuyar da kai. Malam Halliru ya zauna gabansa ya naɗe hannun riga. Sadiƙa tana bakin ƙofar ciki da 'yar auduga da takarda, Inna na bayanta.

Ta fara da tambaya, a hankali wannan karon. Yaushe ya fara, me ke ƙara shi, me ke rage shi. Kamalu ya ce duk ranar da bai hau mashin ba yatsan yakan ɗan dawo.

"Baba, ka riƙe wanga. Majinyaci, rufe idonka. In ka ji an taɓa ka ce i."

Malam Halliru ya karɓi audugar da bakin yatsu, ya shafa bayan hannun Kamalu daga nesa, kamar mai taɓa tukunya a kan wuta.

"I," in ji Kamalu.

"Bayan ƙaramin yatsa, Baba."

"I."

"Yanzu ka juya hannun, ka shahwa cikin yatsan."

Shiru. Tsohon ya sake shafawa. Kamalu ya ce yana ji, amma kamar ta kan tsumma.

Sadiƙa ta sauke numfashi. Ta yi bayani yadda Inna ma za ta gane. Jijiyar da ke kula da waɗannan yatsu tana saukowa daga wuya, ta bi bayan gwiwar hannu, ta shiga tafin hannu. Kafin ta kai wuyan hannu takan saki reshe ɗaya ya tafi bayan hannu. In ciwon daga sama yake, inda kuturta ta fi kamawa, har bayan hannun zai mutu. Tunda baya yana ji, ciki ne ba ya ji, to matsalar tana ƙasa da inda reshen ya rabu.

"Kamar hanyar ruwa cikin hwadama," in ji Malam Halliru. "In kwamin shuka na sama ya sha, na ƙasa bai sha ba, toshewar tana tsakani."

"Haka na, Baba. Yanzu ka laluba bayan gwiwar hannunka, tsakanin ƙashin ga biyu. Ka ji wata 'yar igiya?"

Ya laluba, ya danna, ya zabura. "Kai! Har ga yatsa nij ji ta."

"Ita ta. To ka laluba tashi. In ciwon da aka tsoro na, za ka ji ta yi kauri, ta yi tauri."

A nan ne tsohon ya manta da tsoro. Ya kama hannun Kamalu da hannu biyu, ya laluba na dama, ya laluba na hagu, ya koma nasa, ya sake dawowa.

"Duk ɗaya suke," ya ce. "Tawa ma ta hi tashi kauri."

Ta sa Kamalu ya riƙe takarda tsakanin babban yatsa da manuni, Baba ya ja. A hagu ya riƙe gam. A dama babban yatsan ya lanƙwashe, takardar ta zame. Sannan mata suka koma ciki, Kamalu ya tuɓe riga, Malam Halliru ya duba bayansa da ƙirjinsa da cinyoyinsa a hasken ƙofa. Babu tabo ko ɗaya.

Da suka dawo ta ce a duba gindin tafin hannun, ɓangaren ƙaramin yatsa. Akwai kanta mai tauri a wurin. Malam Halliru ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, Kamalu ya janye hannu ya ce kamar lantarki ya ja shi.

"Mi ka zama nan wurin kullum?" in ji Sadiƙa.

Kamalu ya dubi tafinsa, ya dubi mashin ɗinsa da ke jingine a waje. "Kan mashin," ya ce, kunya ta gama da shi.

Malam Halliru ya yi gyaran murya. "Kakanka hwa? Mi yac ci yatsunai?"

"Bindigar hwarauta ta, Baba. Ya cika mata albarushi, tat tarwatse mai ga hannu. Kowa ya sani Tsamaye."

Inna Saude ta tafa hannu ta ce, "Yo ashe tambaya ta ba a yi ba!"

Sadiƙa ba ta bari murna ta ɗauke su ba. Ta ce ita ɗaliba ce, kuma akwai irin ciwon da ba ya fito da tabo, don haka sai malamarta ta gani. Malam Halliru ya ce da shi za a je, tunda shi ya fara duba mara lafiyar.

A Sakkwato Dakta Maijidda ta sa Sadiƙa ta gabatar da shi gaban 'yan ajinsu, daga tarihi har abin da aka samu. Aka yi gwajin jijiya da na'ura, aka ɗebi ɗan abin gwaji a fatar kunne. Sakamako ya fito: ba kuturta ba ce, kan mashin ne ya danne jijiyar a tafin hannu shekara da shekaru. Magani kuwa, ya bar mashin wata uku cur, ya riƙa ɗaura abin tallafe hannu, ya riƙa motsa yatsun kullum. In zai koma hawa, sai da safar hannu mai kauri da soso a kan mashin, yana kuma tsayawa yana hutawa.

"Yatsun za su miƙe?" in ji Malam Halliru.

"Yawanci suna miƙewa, Baba," in ji Dakta. "Amma ya daɗe bai zo ba. Ba zan yi maka alkawarin duka ba."

Ko da suka dawo Turba, takardar asibiti ba ta rufe bakin mutane ba. Suna cewa takarda daban, ido daban. Abin ya dami Malam Halliru, har wata rana a gaban 'yan'uwansa ya yanke magana: in an gama sussukar gero yaron ya zo ya shimfiɗa hannunsa a tabarma. In yatsun sun kwanta, an ba shi. In ba su kwanta ba, kowa ya yi haƙuri.

Wata ukun nan Kamalu ya yi su a rumfar dabinon baffansa a kasuwar Sabon Birni, yana kallon abokansa suna wucewa a guje suna yi masa hon. Inna Saude ta aika masa da kwanon wake, ta ce ya riƙa tsince shi ɗaya-ɗaya da yatsun nan yana zubawa a wani kwanon.

"Likitata," ya rubuta wata rana, "yau na tsince wake ɗari ukku. In ba a ba ni ke ba, za ni buɗe sana'ar ƙosai."

"Ka ƙara hamsin. Kuma na ji an ce jiya an ganka kana shahwa mashin."

"Gaisawa kawai munka yi."

"Majinyaci mai taurin kai. In ka hau shi za ni sani."

"Ba ni hawa. Na hi son ki da shi, ga shi kuwa shi ya riga ki zuwa."

Ta karanta wannan sau biyar a ɗakin karatu, tana murmushi ita kaɗai har ƙawarta ta ƙwace wayar.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka yi sussuka. Ranar ta zo. Zauren ya cika da 'yan'uwan Malam Halliru da baffannin Kamalu, Abbas ma yana daga gefe. Sadiƙa da Inna suna bayan ƙofa, Inna ta riƙe mata hannu.

Kamalu ya yi bisimilla ya shimfiɗa tafinsa a tabarma. Ramin nan ya kusa cikewa. Yatsa na kusa da ƙarami ya kwanta lif. Ƙaramin kuwa ya tsaya da ɗan doro, bai kai ƙasa ba, tazarar da ƙwayar wake za ta iya shiga.

Da ya so, da ya danna da nauyin jikinsa, ba wanda zai lura. Bai danna ba.

"Iyakar inda yak kai ke nan, Baba," ya ce. "Na yi iya yina."

Wani daga baya ya ce a hankali, "Malam dai cewa yay yi su kwanta duka." Bayan ƙofa hawaye suka zubo wa Sadiƙa, don ta san mahaifinta, ba ta taɓa jin ya janye magana ba.

Malam Halliru ya dubi yatsan. Sannan ya ɗaga kai.

"Ni nif hwaɗa, da bakina, kuma kun san ban saba komawa ba. Amma ku ji. Ran da niy yanke maganag ga na riga na san gaskiya, da hannuna nit taɓa. Tsoron bakinku yas sa ni hwaɗinta. In na cika ta yau, na cika wa tsoro alkawari, na zalunci yaron da bai ɓoye mini ko tazarar ƙwayar wake ba. Gara ku ce Halliru ya tada maganatai sau guda." Ya juya ga baffan Kamalu. "Na ba ku Sadiƙa. Ku sa rana."

Abbas ne ya fara tashi. Ya tsallaka mutane ya durƙusa gaban Kamalu ya miƙa masa hannu biyu.

"Ni nij jawo maka wanga. Ka yahe mini."

"Ya wuce," in ji Kamalu. "Amma kai za ka haɗa muna sola gidan amarya."

Aka fashe da dariya, Inna Saude ta rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Bayan ta gama jarrabawar ƙarshen shekara aka ɗaura aure a Turba, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Jama'a suka zo daga Isa da Tsamaye da Sabon Birni, har da abokan cinikin ango daga tsallaken iyaka. Malam Halliru ya zauna cikin manya yana nuna musu yadda ake laluba bayan gwiwar hannu, tsofaffi suna miƙo masa nasu ɗaya bayan ɗaya. Da yamma, kafin a sa amarya a mota, ya kira su biyun ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa karatunta ya amfani jama'a.

Da 'yan rakiya suka watse daga sabon gidan a Sabon Birni, rana ba ta gama faɗuwa ba. Kamalu ya zauna a gefenta.

"Sannu da zuwa gidanki, Likitata."

"Yawwa, angona." Ta ɗan ɗaga mayafi ta dube shi. "Yau ka yi motsin yatsa?"

"Haba Sadiƙa! Yau ɗin ma?"

"Yau ɗin ma. Ashirin sahe, ashirin marece."

"In bai miƙe ba har abada hwa?"

"To har abada ina nan ina ƙirga maka."

Ya miƙa mata hannun, ta fara ƙirgawa, suna dariya suna ɓata lissafi suna komawa farko.

Allah ya albarkaci wannan gida, ya sa su tsufa tare cikin lafiya, ya kuma ba duk mai jiran nasa irin wannan rana.